Ramin da Laminu Ya Haƙa wa Goggo

Idan ka shiga unguwar Dubeli a Jimeta ka ce kana neman Laminu mai wankin hula, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka shagonsa da haɓa. Dogo ne baƙi, ga tsagen Barebari reras a fuska kamar an yi wa kankana zane da wuƙa. Tsawonsa kuwa, na sha gaya masa in ya yi ɗage a bakin shago zai hango abin da ake dafawa a Garwa ta Kamaru. Ɗan goggona ne. Goggo Asta yayar babanmu ce, Bafulatanar Yola Gari, aka kai ta aure Borno tun ba a haife ni ba, wani ƙaramin gari gaba da Bama. Don haka wasa biyu ne tsakanina da Laminu, ga na taubashi, ga na Fulani da Barebari. Ina ce masa Kolejo, yadda mu Fulani ke kiran Babarbare, yana ce mini Fulata, kowannenmu kuma yana rantsuwa kakansa ne ya sayo kakan ɗayan a kasuwa har aka ba shi gyara.

Kafin ka gane abin da ya yi a Dubeli sai ka san irin rumbun garinsu. Su ba sa gina rumbu a sama kamar mutanen kirki. Rami suke haƙawa a cikin gida, baki ɗan ƙarami, ciki faffaɗa kamar tulu. A zuba kara a cinna wuta har bangon ya ƙone ya yi tauri, a shimfiɗa ƙaiƙayi da zana, a juye dawa, a rufe da itace, a mayar da ƙasa. Ka taka wurin sau dubu ba ka san da komai ba. Ƙasarsu busasshiya ce, sai ka haƙa gaba goma kafin ka ji sanyin ruwa, dawa takan shekara biyar a ciki ko wari ba ta yi ba. Kuma akwai doka: ba a nuna wa kowa. Maƙwabci zai san sunan 'ya'yanka da na jakinka, amma bakin rumbunka daga kai sai uwar gida.

A ƙarshen daminar 2014 'yan Boko Haram suka shiga garin da hantsi. Maza suke nema. Rumbun gidan a lokacin babu ko ƙwaya, an cinye, ana jiran kaka. Laminu kaɗai ke gida cikin maza, ƙannensa biyu, Mustafa da Usama, sun tafi gona. Goggo ta tura shi ramin, ita da matarsa Mairam suka mayar da itacen, ta shimfiɗa tabarma a kai ta zauna da carbinta.

Da azahar yaran nan biyu suka lallaɓo gida don su ga lafiyar uwarsu. Wani maƙwabci, mutumin da suke cin tuwo tare, shi ya nuna gidan. A bakin ƙofa aka yanka su. Laminu yana ƙasa yana jin Usama yana kiran "Ya! Ya!", haka Barebari ke kiran uwa. Goggo tana gani. Ba ta tashi ba, don masu bindiga suna tsaye a tsakar gidan, in ta tashi tabarma za ta zame. Kwana uku ta yi a kan tabarmar nan, Mairam tana zira wa mijinta ruwa ta wani guntun tiyo.

Da suka samu hanya suka fito a ƙafa, ta daji, ta dutsen Kamaru, suka faɗo Mubi, daga nan Yola. Gwiwoyin Goggo a hanya suka ƙare, Laminu ne ya goyo ta. Suka sauka gidanmu a Yola Gari. A lokacin mu hamsin da uku ne a gidan da aka gina don mutum goma sha biyu, layin banɗaki ya fi na gidan mai tsawo. Ba su yi wata ba wani ɗan'uwan babansa, ɗan kasuwa, ya ba shi gida mai ɗaki biyu a Dubeli, can gangare ta wajen kogi, ginin bulon ƙasa da aka shafe da siminti. Ya ce ya zauna har Allah Ya kawo sauƙi. A nan ɓarin jikin Goggo na hagu ya shanye.

Sai Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram. Wanda bai ga Jimeta a wannan makon ba bai ga gudu ba. Tasha ta cika, an ɗaure katifa a kan mota, an ɗaure kaji a kan katifa, na rantse na ga wani ya ɗaure surukarsa a kan kajin. Kowa yana cewa jibi za su iso, wasu na cewa an riga an gan su a Girei suna shan shayi. Na tuƙa kekena mai ƙafa uku, don shi ne sana'ata, na nufi Dubeli.

Na same shi a bakin shago yana goga wa wata hula buroshi kamar ba abin da ke faruwa.

Na ce, "Kolejo, tashi. Baba ya samo mota zuwa Jalingo. Ka ɗauko Goggo da matarmu da yara."

Ya ce, "In sun zo Jalingo fa?"

"Sai mu ƙara gaba. Ai ku Barebari gudu bai ba ku wuya, ƙafafunka kaɗai sun kai nan da Mayo Belwa."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye buroshin ya ce, "Fulata, kwana shida na goya ta. A rana ta shida, mun zo gindin wata tsamiya, na ji a raina in ajiye ta in tafi. Ban ajiye ba. Amma na ji. Ba zan sake zuwa inda zan ji wannan abin ba."

Na ce, "To me za ka yi?"

"Rami zan haƙa mata."

Na ɗauka wasa ne, har na ce ai ramin da ake haƙa wa tsofaffi akwai masu yinsa kyauta a maƙabarta. Ya dube ni wani irin kallo, sai na haɗiye sauran. Tafiyar Jalingo ma ba ta yiwu ba, direban ya samu waɗanda suka fi mu sauri. Bayan kwana biyu sai ga ni a ɗakin Goggo da igiya a hannu.

A ƙarƙashin gadonta ya ce bakin ramin zai kasance, don in abu ya taso a janye gado kawai a zira ta. Aka mayar da ita ɗakin Mairam, aka ce wa masu zuwa gaisuwa ana gyaran daɓe. Ya yanke ƙotar diga ta zama gajeriya, ya samo shebur da bokiti. Kullum bayan ya rufe shago da azahar sai mu shiga mu kulle ƙofa, shi yana ƙasa yana sara, ni ina sama ina jan bokiti. Mutum ne da hannunsa bai san komai ba sai sabulu da sitati, tafinsa ya fi na amarya laushi. A kwana uku ya yi ƙuraje suka fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Jinin da ya zuba a ƙotar digar nan zai cika jarka. Ƙasar kuma muna ɗura ta a buhu, in loda a keke in kai kwari in juye. Duk wanda ya tambaya sai in ce hulunan wani Alhaji ne. Wata mata ta ce wannan Alhajin kansa nawa ne.

Ana cikin haka sojoji da maharba suka ƙwato Mubi, masu katifa suka fara dawowa. Na ce masa, "Shi ke nan, mu mayar da ƙasa." Ya ce, "Mu ma an taɓa ce mana an kore su." Muka ci gaba, har cikin bazara.

Bango ɗaya ne tsakaninsa da Ishmael, ɗan ƙabilar Bachama ne daga Numan, haƙar rijiya ce sana'arsa. Rabin rijiyoyin Dubeli shi ya haƙa, in ya lashi ƙasa zai gaya maka inda ruwa yake da kuma ranar da zai zo. Wata rana hannuna ya gaji na ce, "Kolejo, ga gwani a bayan bango, mu kira shi mana. Kwana uku zai gama abin da muke yi wata uku."

Laminu ya ɗago daga cikin ramin, ƙasa har a girarsa, ya ce, "Rumbu ba a nuna wa maƙwabci."

"Wannan ai ba dawa za ka zuba ba."

"Wanda ya nuna gidanmu, shi ya raɗa wa Usama suna."

Ban sake tayar da maganar ba.

Ranar ƙona ramin ce ta kusa tona mu. Ya ce dole a yi yadda ubansa ke yi, aka zuba kara dami uku aka cinna. Shi ubansa a fili yake yi, mu kuwa a cikin ɗaki. Hayaƙi ya fito ta taga, ta rufi, har ta ramin ɓera, wallahi sai da aka daina ganin rana a Dubeli. Mutane suka taho da bokitai. Keturah matar Ishmael ce a gaba, tana buga ƙofa tana cewa, "Maman Zulfa, wuta! Ku fito!" Mairam ta leƙo, idanu jajur, ta ce ba komai, turaren wuta ake yi wa Goggo.

Keturah ta ce, "Wane irin turare ne wannan?"

Mairam ta ce, "Na Borno ne."

Suka watse suna cewa lallai Barebari sai a bar su.

Da aka gama, zurfinsa gaba biyu, cikinsa ya tafi ta gabas har ƙarƙashin bangon ɗakin, mutum shida za su zauna in ba su miƙe ƙafa ba. Ƙasan a bushe ƙarau, Laminu ya dumbuza ya murza a hannu ya ce, "Ka gani? Irin tamu ce." Ya sa fayif na roba don iska, ya fitar da shi ta bayan gida kamar magudanar wanka. Ya ajiye jarkar ruwa, da garin rogo, da tocila, da wani tsohon bargo. Ya yi murfi da katako ya shafe samansa da siminti daidai da daɓe.

Sai gwaji. Ya ɗinka buhu biyu ya yi wani abu kamar majanyi, ya ɗaura igiya. Muka ɗauko Goggo. Bakinta ya ɗan karkace da ciwon, amma harshen nan na matan Yola Gari yana nan daram.

Ta dube ni ta ce, "Hamajoɗa, har da kai? Ubanka ya san kana nan kana binne yayarsa?"

Na ce, "Goggo, ɗanki ne ya ce kin cika surutu."

"Kai dai tun kana yaro ba a taɓa aikenka ka dawo da abin kirki ba. Riƙe igiyar da kyau, kar ka karya ni."

Laminu ya sauka ya tare ta, ni ina sassauta igiya. Ba ta fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Da ta zauna a ƙasa sai ta duba sama inda nake leƙe, ta shafa bangon da hannunta mai lafiya. Ta ce, "Akwai sanyi. Ya fi ɗakin." Can ta ce, "Laminu, ina gabas?" Ya nuna mata. Ta ce, "To. Ku fitar da ni, na gani."

'Yan Boko Haram ba su zo Jimeta da motoci da tuta ba. Abin da ya zo shi ne bam, a kasuwa, a masallacin Juma'a, a wurin da mutane ke cin abinci, irin mutuwar da rami ba ya maganinta. Amma duk ranar da aka ji ƙara Laminu zai bar hulunan mutane a ruwa ya sheƙo gida, ya janye gado, ya zira Goggo, ya tura Mairam da yara biyun, ya bi su ya ja murfi. Sau ɗaya tayar tifa ce ta fashe a titi, suka yi awa biyu a ƙasa. Na yi wata ina yi masa tsiya da wannan.

A watan Agusta na shekarar da muka gama, ya kira ni ya ce in zo in gani. Ya janye gado ya haska tocila. Ruwa ne har gwiwa, bargon yana iyo.

Ya ce, "Fayif ɗin ne, ruwan sama ke bi ta ciki."

Ya toshe fayif, ya kwarfe ruwan, washegari ya tarar ya dawo daidai inda yake. Ba daga sama yake zuwa ba. Daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa, don Dubeli a kan bayan kogin Binuwai take zaune, in kogi ya cika ƙasar unguwar ma cika take yi. Wannan ko ɗan da aka haifa jiya a Jimeta ya sani. Ni ma na sani, rijiyar gidan kawuna da damina da hannu ake ɗiba. Amma da muke haƙa da rani, ƙasa a bushe, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Shi kuwa a duniyarsa ruwa daga sama kaɗai yake zuwa.

Da damina ta wuce ruwan ya janye, ramin ya bushe, Laminu ya ce ai ka gani. Ya shafe bangon da siminti. Damina ta dawo, ruwa ya dawo. Daga nan abin ya zama masa kamar salla. Daga Agusta zuwa Oktoba, kowace safiya kafin ya fita shago sai ya kwarfe bokiti ashirin, talatin, Mairam tana juyewa a magudana a hankali kamar ruwan wanki. Goggo tana kan gado a gefe tana kallonsu. Abin da bai sani ba, duk bokitin da ya fitar yana fita da ɗan yashi daga bayan simintin.

Mairam ta gaji. Wata rana a gabana ta ce, "Baban Zulfa, shekara biyar ke nan. Mutane sun koma Bama ma. A cike ramin nan."

Ya ce, "Jiya aka shiga wani ƙauye a Madagali."

"Madagali ina, nan ina? To ko a mayar da Ya ɗakina da damina."

"In an mayar da ita, ranar da suka zo sai in ce su jira in ɗauko ta? Da damina suka zo mana, Mairam. Ko kin manta?"

Ta ce, "Ni zan manta?" Ta tashi ta shiga ɗaki.

Na ce, "Kolejo, ramin da ke da ruwa har ƙugu, in sun zo, kifi za ka mayar da Goggo?"

Ya ce, "Zan tsaya a ciki in ɗaga ta a kafaɗa. Kwana uku ne kawai."

Da gaske yake. Goggo kuwa ko da wasa ba ta taɓa cewa a cike ba. Na taɓa tambayarta, ta ce, "Bar shi. In ya kwarfe ruwan nan yakan iya cin abinci."

A daminar 2021 bangon ɗakin na gabas ya tsage daga ƙasa, tsaga siririya kamar zare. Ina zaune a shago muna cin gyaɗa sai ga Ishmael, da igiyarsa a kafaɗa. Hausarsa irin ta Jimeta ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

Ya ce, "Malam Laminu, na ga bangon Mama ta gefena. Wannan ba daga sama ya fashe ba. Ƙasa ne yana tafiya. Akwai tsohon rijiya a ɗakin? Ko masai da aka rufe?"

Laminu ya ce, "Babu."

"Ka tabbata? Don ni na san ƙasa. Ƙasa ba ya tafiya sai ya samu inda zai je. In akwai rami ka faɗa mini, in zo da yarana mu cika shi da jan ƙasa, kwana ɗaya ne. Ba zan karɓi komai ba, Mama ai Mamanmu ne."

Na buɗe baki. Laminu ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin benci har sai da na ji a ƙeya. Ya ce, "Na gode, maƙwabci. Babu rami. Ginin ne ya tsufa."

Ishmael ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "To, Allah Ya kiyaye." Ya tafi. Laminu ya sayo siminti ya liƙe tsagar, ya yi mata fenti.

Ni da ba a taɓa ba ni sirri ya kwana ba, ni da in na ga ɓera zan ce na ga kura, wannan sirrin kaɗai na riƙe. Shekara takwas.

A 2022 Binuwai ya yi cikar da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Gonakin bakin kogi suka nutse, unguwannin gangare aka riƙa shiga da kwalekwale. A layin su Laminu ruwan bai shiga ba, ya tsaya layi biyu a ƙasa da su, mutane har zuwa kallo suke yi suna ɗaukar hoto. A ramin kuwa ya kai saura kamu biyu ya taɓa murfi. Laminu ya kwarfa har ya gaji, ya ce bari ya buɗe shago ya dawo da la'asar ya ƙarasa.

Ranar Talata ce, rana tana ƙwalla, ko gajimare babu. Yara suna makaranta. Mairam ta ba Goggo kunu, ta gyara mata matashi, ta fito tsakar gida tana wanki. Ta ce abin da ta ji bai fi a jefar da buhun masara ba. Da ta waiwaya, bangon gabas ya durƙusa ciki, kwanon rufi ya sunkuyo.

Ihunta ya tara unguwa. Maza suka ɗage kwano, suka fara jefar da bulo hannu da hannu, suna neman gado. Babu gado, babu daɓe. Inda ɗakin yake sai wani kududdufi na jan ruwa, katako yana juyawa a kai. Suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya gane abin da yake gani.

Ishmael ya ce, "Maman Zulfa, Mama yana ciki?"

Ta ce, "Tana ciki."

"Akwai rami?"

Keturah ta gaya mini daga baya, Mairam sai da ta dubi ƙofar gida, kamar mijinta zai shigo ya ba ta izini. Sannan ta ce, "Akwai."

Ni aka fara samu a waya. Ina kusa da kasuwa, na sauke fasinja a tsakiyar titi, na biya shago na ɗauki Laminu. Hannunsa da kumfa. Haka ya hau keken, muka nufi gida. Da muka shiga, Ishmael yana cikin ruwan har wuya, igiya a ƙugunsa, mutum huɗu suna riƙe. Laminu ya yi kukan kura zai faɗa, aka rirriƙe shi, don gefen yana ta zaftarewa.

Ishmael ya ɗago ya tofar da laka ya ce, "Malam Laminu! Zurfinsa nawa? Cikin ya tafi wane gefe?"

Jama'a sun fi ɗari a tsakar gidan da kan katanga. Na ga bakin Laminu ya motsa bai fitar da komai ba. Sai da na girgiza shi na ce, "Faɗa masa!" Sannan ya ce, "Gaba biyu. Ya tafi gabas, ƙarƙashin bango."

Ishmael ya ja numfashi ya nutse. Ya fito, ya sake nutsewa. Aka kawo injin ban ruwa daga wani lambu aka fara zuƙa, amma yadda ake zuƙa haka yake dawowa. Sai da aka kira la'asar ya taɓo ƙafar gadon. Gadon ya kife, bulo ya danne shi. Da aka ɗago Goggo daga ƙarƙashinsa, zaninta yana ɗaure yadda Mairam ta ɗaura mata. Keturah ta cire mayafinta ta rufe ta.

Ishmael ya fito ya zauna a gefe yana haki, gwiwarsa tana jini. Ko kallon Laminu bai yi ba, kuma har yau bai taɓa ce masa ai na faɗa maka ba.

A Yola Gari aka binne ta, kusa da iyayenta. A wurin zaman makoki kowa yana cewa ambaliya ce, kwana ne ya ƙare. Babanmu bai ce haka ba. Da aka watse ya kira mu ɗakinsa, ya ce wa Laminu, "Na ce ka bar mini ita a nan, ka ce ɗakinmu ya yi cunkoso." Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma an ce kai ka ja igiya." Na ce ni ne. Ya ce mu tashi mu ba shi wuri. Ya shekara bai yi magana da Laminu ba, ni kuma wata bakwai.

Mutanen layin suka haɗu suka kawo jan ƙasa tifa uku, Ishmael ya tsaya a kai aka cike, aka daddaɓe. Ba a sake gina ɗakin ba. Mairam ta shuka kuɓewa a wurin, ta yi kyau ƙwarai, amma ba wanda ya iya ci a gidan, sai aka bar wa awaki.

Laminu yana nan a shagonsa. Ya rame, tsawon ya zama kamar na sandar tuta, furfura ta cinye gemun. Har yanzu ina ce masa Kolejo yana ce mini Fulata, amma maganar rami ba ta taɓa shiga wasanmu ba. A watan da ya wuce na tsaya wurinsa da hantsi, rediyo yana ba da labarin wani ƙauye da aka shiga ta wajen Hong, an kashe mutane, an ƙona gidaje. Ya saurara har aka gama, ya kashe rediyon.

Ya ce, "Fulata."

Na ce, "Na'am, bawana."

"Da sun zo fa?"

Na ce, "Su wa?" alhali na sani.

"Da sun shigo Jimeta a shekarar nan, yadda kowa ya ce za su shigo. Da sun bi layinmu gida gida. Da yanzu tana raye, ana cewa duk Dubeli ba mai hankali irin Laminu. Ko ba haka ba?"

Na nemi tsiyar da zan yi masa na rasa. Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "To ka gaya mini a ina na yi kuskure, don in sani. A haƙawa, ko a ƙin cikewa, ko a ranar da Ishmael ya tambaye ni?"

Na ce, "Ni ma ina wurin ranar, Laminu."

Ya gyaɗa kai. Muka zauna. Wata mata ta tsaya a bakin titi tana ƙwala kira ko mai keken nan yana kusa, za ta asibiti. Na ce mata ba na aiki.